Haƙƙin Kaka A Kan Jikan Da Ake Cutarwa

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. 

Darasinmu na wannan mako ya taso ne daga tambayar wata dattijuwa. 'Yarta ta rasu ta bar yarinya 'yar shekara bakwai a gidan uba. Duk ranar da aka kawo mata jikar sai ta ga sabon tabo a jikinta, yau shatar bulala, gobe ƙuna. Ta yi magana, uban ya ce ɗa na uba ne, kaka ba ta da ta cewa. Shi ne take tambaya, shin Shari'a ta san da zamanta a cikin wannan al'amari?

Amsa ita ce, ta san da zamanki, Iya, har ma ta gabatar da ke a kan uban. Malaman fiƙihu suna kiran wannan babi Halana, watau riƙon yaro da renonsa da tsare shi daga abin da zai cuce shi. A mazhabar Imamu Malik, wadda kotunan Shari'a na ƙasar nan suke bi, idan aure ya mutu uwa ce take da riƙo, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure mijinta ya tare da ita. Idan uwa ta rasu, ko ta auri wani bare, riƙon ya koma ga kaka ta wajen uwa. Haka Ibn Abi Zaidin ya bayyana a cikin Risala, littafin da kusan kowace makarantar zaure take karantawa. Shehu Halilu kuma a cikin Muhtasar ya jero su daki-daki: uwa, sai uwar uwa, sai kakar uwa, sai 'yar'uwar uwa, sai innar uwa, sai kaka ta wajen uba, sannan fa a zo kan uba. Maganar da ake yi cewa da zarar an yaye yaro ya zama na gidan uba, al'ada ce kawai, ba hukuncin littafi ba.

Wannan hukunci yana da asali tun zamanin sahabbai. Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar ya auri wata mata daga mutanen Madina, ta haifa masa Asim, daga baya suka rabu. Wata rana ya je Ƙuba ya tarar da yaron yana wasa a farfajiyar masallaci, sai ya kama shi ya ɗora a kan abin hawansa. Kakar yaron ta biyo shi tana jayayya da shi, har suka kai gaban Halifa Abubakar, kowannensu yana cewa ɗansa ne. Abubakar ya umurci Umar ya bar mata yaron, Umar kuwa bai ƙara ko kalma ɗaya ba. To, ku duba fa, Umar ba mai cutar da ɗansa ba ne, amma duk da haka aka ba kaka. Ina ga uban da ake azabtar da 'yarsa a gabansa yana kallo, ko kuwa shi ne ma mai azabtarwar?

Dalili shi ne, riƙo an sanya shi ne don amfanin yaro, shi ya sa malamai suka gindaya sharuɗɗa ga duk mai riƙo, namiji ko mace. Sai ya kasance mai hankali, mai amana a addininsa, mai iya ɗawainiya, wanda ba ya almubazzaranci da dukiya, kuma gidansa ya zama wurin tsaro, musamman ga yarinyar da ta fara girma. Mashayi, ko wanda gidansa ya zama matattarar ashararai, ko wanda aka san shi da muguntar duka, ya fita daga amana, riƙo ya faɗi daga hannunsa ko da shi ya haifi yaron. Namiji kuma ba a ba shi riƙo sai in yana da macen da za ta kula da yaron. In macen nan ita ce mai ƙona shi, ai sharaɗin bai cika ba.

Amma kaka ma sharuɗɗan nan suna kanta. Idan tsufa ya kai ta ga ba ta iya hidimar yaro, kuma ba ta da mai taya ta, sai riƙo ya wuce ga ta bayanta. Idan kuma uwar tana raye, riƙonta ya faɗi saboda aure ko wani aibu, dole kakar ta zauna a gida dabam da nata. Kakanni maza fa? Na wajen uba yana cikin dangin uba da riƙo yake isa gare su idan an rasa matan da aka ambata. Na wajen uwa kuwa Muhtasar bai ba shi ba, ko da yake Malam Lahmi ya zaɓi a ba shi. Wannan bai hana shi tsayawa matarsa a kotu ba, kuma kada a manta Abdul Muɗɗalibi ne ya riƙi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, tun yana da shekara shida har zuwa takwas.

Wani abin da yake karya zuciyar tsofaffi shi ne tsoron ɗawainiya. To, ciyarwa da tufatarwa suna nan a wuyan uba ko da yaro yana ɗakin kaka, alƙali ne zai yanka abin da zai riƙa bayarwa gwargwadon ƙarfinsa. Haka nan yana da damar ganin ɗansa da lura da karatunsa, sai fa in ganin nasa ma cutarwa ne, alƙali ya sa masa iyaka.

Shawarata ga wannan baiwar Allah, kada ki ɗauke yarinyar a ɓoye ki gudu da ita, don wannan zai ba uban bakin magana, ya mai da ke wadda ake ƙara. Na san mutanenmu suna son sulhu, sulhu kuwa alheri ne, amma inda aka kai ga ƙuna da zubar jini ba a jiran taron dangi. Ki fara kai ta asibiti likita ya duba ya rubuta abin da ya gani. Ki sanar da mai unguwa da limami, da 'yan sanda in kina tsoron abin da zai same ta kafin gari ya waye. Ki nemi maƙwabta biyu adilai waɗanda suka gani ko suka ji, kuma su sani ɓoye shaida zunubi ne, kamar yadda ƙarshen Suratul Baƙara ya nuna. Sannan ki shigar da ƙara a kotun Shari'a ta yankinku, ki roƙi alƙali ya bar yarinyar a hannunki tun kafin a gama sauraron shari'ar. In hukunci bai yi miki daɗi ba, akwai ɗaukaka ƙara har zuwa kotun Alƙalin Alƙalai ta jiha, wadda tsarin mulkin 1999 ya ba ta ikon duba al'amuran riƙon yara na Musulmi.

Allah ne mafi sani. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba hukuncin dukiyar maraya da wanda ya cancanci ya riƙe ta.