Darasi: Karatun Gandun Daji a Jami'a

Bismillahir Rahmanir Rahim. Bayan haka, ya ku ɗalibai, abin da ya sa na ɗauko wannan darasi shi ne wani yaro namu na nan Ƙofar Sauri da ya zo mini rai a ɓace. Likitanci ya nema, sai jami'a ta ba shi fannin gandun daji, abokansa kuma suka sa masa suna “malamin daji”. Har ya yi niyyar ya zauna gida ya jira baɗi. Na ce masa, kai, tsaya tukuna ka san abin da za ka ƙi.

Wannan ilmi fa ba tsaron kurmi da kama masu sare itace ne kawai ba. Ana koyon halin ƙasa da ruwa, da renon iri, da auna itace a san yawan katakon da ke cikinsa, da kula da namun daji, da zana taswira da kwamfuta. Jami'ar Ibadan ce ta fara buɗe sashensa a 1963. Kusa da mu akwai shi a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, da Jami'ar Bayero a Kano, da ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Shekara 5 ake yi, ta huɗun mafi yawanta a fili, hannu cikin ƙasa. Ana son kiredit 5, ciki har da Turanci da lissafi da kimistiri da bayoloji ko ilmin noma. Wanda bai sami jami'a ba, akwai kwalejin gandun daji a Jos da ta Afaka a Kaduna.

To, ina amfaninsa gare mu? Ku tambayi dattawan da suka ga farin 1973. Ku tambayi manomin Kaita ko Jibiya ko Mai'aduwa yadda iska ke binne masa shuka da yashi a farkon damina, har sai ya sake shuka. Saboda haka aka soma aikin dashen itatuwa na Katsina a 1987 da taimakon ƙasashen Turai, aka yi shingayen bedi da turare don karya ƙarfin iska. A 2015 kuma gwamnatin tarayya ta kafa hukumar Babbar Koriyar Ganuwa, jiharmu na cikin jihohi 11 da aikin ya shafa.

Amma abin da ya fi burge ni a Maraɗi ya faru, nan bayan iyaka. Tun daga 1983 wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa kututturan da manoma ke sassabewa duk shekara saiwarsu na raye. Idan aka zaɓi toho biyu ko uku masu ƙarfi aka sare sauran, sai itace ya tashi, ba reno ba ban ruwa. Gawo ya fi kowa cin moriyar haka. Shi da damina yake zubar da ganye, ga taki, ba ya kuma shanye wa gero rana. Manoma sun daɗe da sanin gawo, amma sai da mai lura ya haɗa saninsu da tsari. Irin wannan ido ake so karatun ya ba ka.

Maganar aiki kuwa, ba zan ruɗe ku ba. Gurbin gwamnati kaɗan ne, dazuzzuka irin su Rugu kuma matsalar 'yan bindiga ta sa aiki cikinsu ya zama haɗari. Duk da haka akwai ma'aikatar muhalli, da cibiyar binciken gandun daji mai hedkwata a Ibadan, da ƙungiyoyin raya karkara, da koyarwa. Mai zuciya kuma yana iya buɗe lambun renon mangwaro da gwaba da zogale, ko ya shiga cinikin ƙaron dakwara, wanda har Turai ake kai shi. 'Yan mata ma suna karanta shi, kada a ce na maza ne.

Aikin gida: kowa ya ƙirga itatuwan layinsu, ya rubuto sunayensu da boko da ajami, ya tambayi wani tsoho waɗanda da akwai yanzu babu. A kawo ranar Asabar. Wassalam.