Ranka Ya Daɗe, Ba Kowace Magana Ake Kashewa a Zaure Ba

Wani bawan Allah da aka naɗa mai unguwa bayan rasuwar mahaifinsa ya aiko mini da tambaya. Ya ce tun ranar da aka ɗaura masa rawani zaurensa bai rabu da masu ƙara ba: yau iyakar gona, gobe miji da mata, jibi yaron da 'yan sanda suka ɗauke. Yana so ya tsaya wa mai rauni, amma yana gudun ɓatawa da manyan unguwa, waɗanda su ne suka kai sunansa gaban hakimi. Yaya zai yi?

Ranka ya daɗe, Allah ya taya ka riƙo. Bari in fara da abin da na gani da idona.

Shekarun baya na taɓa zama a wani zaure ana maganar gidan wani mamaci. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya mata uku, iyayensa kuma sun riga shi. Ƙannensa maza biyu suka ce a sayar da gidan su riƙe kuɗin, ai su ne za su aurar da yaran. Matar tana takaba, an shimfiɗa mata tabarma a bakin ƙofa ta waje, autarta tana kan cinyarta tana wasa da gefen hijabinta. Aka yi kusan awa biyu ana magana, ba wanda ya juyo ya ce da ita, "Ke me kika gani?" Da aka gama sai wani dattijo ya leƙa ya ce, "Sai ki yi haƙuri, duk ɗaya ne." Ta ce, "To." Har yau wannan "to" ɗin tana damuna, domin a ƙa'idar rabon gado, bayan an biya bashi an fitar da wasiyya, in aka kasa gidan nan kashi 24, matar tana da tumunin takabarta kashi 3, 'yan matan suna da kashi 16, ƙannen nan biyu kashi 5 ne kacal nasu. Masu kashi 5 suka tashi da gida, masu kashi 19 suka tashi da haƙuri.

Sulhu alheri ne, ba mai ja da wannan, kuma shi ne babban aikinka. Amma sulhun gaskiya shi ne wanda kowa ya san haƙƙinsa sannan ya yafe wani abu daga ciki don ransa ya so. Wadda ba ta san rabonta ba, ba yafewa ta yi ba, ƙwace mata aka yi cikin ladabi. Saboda haka kafin kalmar haƙuri ta fito daga bakinka, ka fara faɗin haƙƙin kowa a fili, kowa yana ji. In lissafin gado ne kuma ba ka da tabbas, kada ka yi kame-kame. Ka aika a kira malamin da ya san fannin, ko ka tura su kotun shari'a alƙali ya raba, a ba kowa takardarsa. Haka maganar riƙon yara bayan saki. A mazhabar Malikiyya da muke bi, uwa ce ke da haƙƙin riƙon ɗanta namiji har ya balaga, 'ya mace kuma har ta tare a gidan miji, muddin babu abin da ya kayar da wannan haƙƙi, ciyarwa kuwa tana kan uba. Maza da yawa ba su san haka ba, waɗansu sun sani suna fatan matar ba ta sani ba.

Kuma ka daina jin ta bakin mace a gaban taron maza. Kunya ba za ta bar ta ta faɗi rabin abin da ke ranta ba, balle in surukinta yana zaune. Ka nemi dattijuwa mai riƙon asiri, ko malamar Islamiyya, ko ungozomar unguwa, ta zauna da ita a cikin gida, kai kana daga bakin ƙofa kana saurare. Za ka sha mamakin bambancin labarin zaure da labarin tsakar gida.

Yanzu ga maganar da ta fi kowace nauyi. Akwai laifin da ba naka ba ne ka sasanta, kuma fyaɗe yana kan gaba. Na san yadda abin yake zuwa. Bayan sallar isha'i za ka ji sallama, dattawa uku ko huɗu, murya ƙasa-ƙasa: a rufa asiri, yarinya ce, wa zai aure ta in magana ta fita, yaron kuma ɗan gidan mutunci ne, tsautsayi ne. Wani ma zai ajiye baƙar leda a gefen tabarma ya ce kuɗin magani ne. Ranka ya daɗe, asirin da ake so ka rufa ba na yarinyar ba ne, na wanda ya lalata ta ne, kuma wanda aka rufa wa irin wannan asiri yakan koma, sai dai ya sauya gida.

Abin da za ka yi a daren nan shi ne ka tura ta asibiti tare da uwarta, ba sai gari ya waye an gama shawara ba. Maganin da ke kare mutum daga kamuwa da ƙwayar cutar ƙanjamau bayan irin wannan ta'asa yana aiki ne idan an fara shan sa cikin awa 72, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa. Ka ce wa uwar kada ta yi mata wanka, kada ta wanke tufafin da ke jikinta, domin shaida tana nan. Na san wannan yana da wuya ga uwa, hannunta ruwan zafi zai fara nema, shi ya sa dole wani ya gaya mata da wuri. A Kano akwai cibiyar Waraka a asibitin Murtala, a jihar Kaduna akwai cibiyoyin Salama a Kaduna da Zariya da Kafanchan, aikinsu ke nan: duba lafiya, kwantar da hankali, da rubuta rahoton likita wanda kotu za ta karɓa. In babu irinsu kusa da kai, babban asibitin gwamnati ya wadatar. Daga nan sai wurin 'yan sanda. Rufin asirin da yarinyar take buƙata a wurinka shi ne kada sunanta ya fita daga bakinka, kada ka tara jama'a a kanta, kada ka sa ta maimaita labarin a gaban kowa. Kisa, da duka mai barin rauni, da satar mutane, duk layinsu ɗaya da wannan: ka kwantar da tarzoma, ka miƙa wa hukuma.

Sai maganar caji ofis, inda za ka fi yawan zarya. Mai unguwar da ya san doka ko kaɗan ce, tsayuwarsa a gaban kanta daban take. Sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ce wanda aka kama a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, cikin kwana biyu. Laifin da hukuncinsa kisa ne yana da nasa tsarin, amma yaron da aka zarga da satar waya ba shi da dalilin kwana bakwai a bayan kanta ba tare da umarnin kotu ba. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama wani a madadin wani, wato ba a tsare uwa don ɗanta ya gudu, ko wa don ƙane. Ta kuma hana kama mutum saboda bashi kawai ko saɓa alkawarin ciniki, wannan maganar kotu ce. Beli kyauta ne, kuma dokar shari'ar laifuka ta 2015, wadda jihohi irin su Kaduna da Kano suka yi tasu a kan tsarinta, ta ce ba a hana mace tsaya wa mutum beli don kawai ita mace ce. Azabtar da wanda ake tuhuma don ya amsa laifi shi kansa laifi ne a wata doka ta 2017.

Sanin waɗannan ba lasisin ɗaga murya ba ne. Ka shiga da sallama, ka gaisa, ka nemi ganin DPO, wato shugaban caji ofis ɗin, ka tambaya cikin natsuwa: me ake tuhumarsa da shi, yaushe aka kawo shi, yaushe za a kai shi kotu, zan iya ganinsa? Ka fito da biro ka rubuta amsar a gabansu, da sunan jami'in da ke binciken. Biron nan yana aikin da faɗa ba ya yi. Kuma kada ka jira sai ranar rigima za ka san DPO. Ka kai masa ziyara tun lafiya lau, ka gabatar da kanka, ka karɓi lambarsa. In ka bi ta lalama abin ya ƙi, akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, wadda aka kafa tun 1995, tana da ofisoshi a manyan biranen jihohi, kuma kai ƙorafi wurinta ba a biyan ko kwabo. Akwai Hukumar Ba da Tallafin Shari'a, tun 1976 take ba marasa hali lauya kyauta. Ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA ma tana tsaya wa mata da yara. Ka je ofisoshin nan da ƙafarka sau ɗaya, su san fuskarka.

Ka kula da 'yan sintirin unguwarka, domin abin da suka yi da dare kai za a tambaya da safe. Aikinsu su kama su miƙa, ba su ɗaure mutum a turke su yi ta jibga ba. Mun yi kuka a watan Maris na 2025 da aka kashe mafarauta 16 'yan Arewa a Uromi ta jihar Edo kan zargi kawai, ba bincike ba shari'a. Ihun "ɓarawo" a kasuwarmu ma haka yake ƙarewa in ba a sami mai tarewa ba. Ranar da ka ji shi, ka fita da rawaninka, ka shigar da wanda ake zargi zaurenka, ka tsaya a bakin ƙofa, ka kira 'yan sanda. Jama'a suna jin nauyin ture mai rawani, ka yi amfani da wannan nauyin.

Ka sayi babban littafi mai bango mai ƙarfi. Duk ƙarar da ta zo ka rubuta rana, da masu ƙara, da shaidu, da abin da aka tsayar, kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Musamman cinikin fili da gona: kada ka sa hannu a takardar filin da ba ka taka ba, ko filin gado da ba ka ji ta bakin dukkan magada ba, har matan da ke gidajen aurensu. Masu unguwanni da yawa sun rasa rawani ta wannan ƙofa. Maganar da ta shafi mutuncin mace ko yaro kuwa, a ware mata wani littafin da ke kulle a akwati. Ka riƙa matsa wa iyaye su karɓo wa jarirai takardar haihuwa daga hukumar ƙidaya, domin ranar da za a yi gardamar shekarun yaro a gaban alƙali, ita za ta yi magana.

Game da gaisuwa ba zan tsawaita ba. Wanda yake da ƙara a gabanka, ko goro ɗaya kada ka karɓa daga hannunsa har a gama, domin kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki irin wannan karɓe-karɓe na masu mulki a Kitabul Farƙi fiye da shekara 200 da suka wuce. In buhun shinkafa ya riga ka isa gida, ka mayar da shi da rana tsaka, tare da godiya da ɗan aike mai baki.

To, saura tsoronka na manyan unguwa, kuma ba zan ce maka tsoron banza ba ne. Za a yi fushi da kai, wani zai daina amsa gaisuwarka, wani zai kai sukarka gaba. Maganinsa kada ka tsaya kai kaɗai. Ka kafa 'yan majalisarka tun yanzu: liman, da wata dattijuwa da mata ke jin maganarta, da wakilin matasa, da wani malamin makaranta ko tsohon ma'aikaci mai iya rubutu. In unguwarka akwai Kiristoci ko baƙi 'yan wata ƙabila, a sa nasu a ciki, don kada su ga zauren na wasu ne. Ku zauna tun babu ƙarar kowa a gaba ku amince cewa laifi kaza da kaza ba a sasanta su a nan, liman ya faɗa a masallaci kowa ya ji. Ranar da abin ya faɗo kan ɗan mai kuɗi, ba kai ka ƙirƙiro ƙa'idar don shi ba, ya tarar da ita. Sai ka ce, "Alhaji, hannuna a ɗaure yake, da kai aka yanke wannan magana."

Kuma duk babbar magana, ka riga kowa kai ta gaban dagaci ko hakimi. Ka je da kanka da sassafe, ka zayyana abin da ya faru da matakin da ka ɗauka, ka nuna masa shafin littafin. In masu kai suka sun iso da hantsi, za su tarar labari ya riga su.