Wane Kofi Ga Wane Wiski? Darasin Da Na Biya Da Kuɗin Aljihuna

A makona na uku na SIWES a wani otal da ke Abuja, aka ce in je in taya aiki a mashayar otal ɗin saboda ɗaya daga cikin ma'aikatan bai zo ba. Wani Bature dattijo ya zauna, ya ambaci sunan wani wiski na ƙasar Sikotland, ya ƙara da kalma guda: "neat". Ni a Turancina na ɗauka cewa yake in kawo masa abu tsaf-tsaf. Sai na zaɓo dogon kofin da ya fi kowanne sheƙi, na cika shi da ƙanƙara, na zuba wiskin, har da yankan lemon tsami a baki don in burge.

Mutumin ya dubi kofin, ya dube ni, bai ce uffan ba. Hannu kawai ya ɗaga wa oga. Ashe abin da yake nufi shi ne wiski zalla, ba ruwa, ba ƙanƙara, ba komai. Wiskin da ya shekara 18 a ganga kuwa, in ya taɓa ƙanƙara ba ya komawa kwalba. Aka zubar, aka rubuta kuɗin a kaina. Wallahi ya fi abin da nake ci na sati biyu a makaranta.

Kafin wani ya tare ni a ƙofar hostel, bari in faɗa tun yanzu: ni ba na sha, kuma ban zo in koya wa kowa sha ba. Mu 'yan sashen kula da otal da baƙi wannan yana cikin kwas ɗinmu na hidimar abinci da abin sha, ana yi mana tambaya a kansa a jarrabawa, kuma ana jera mana kofuna a furaktikal a ce mu ambaci sunan kowanne da aikinsa. A ajinmu da ruwan shayi mai sanyi muke gwaji, saboda kalarsa ta yi kama, kuma da yawanmu ba sa taɓa kwalbar. Don haka wannan rubutu na ƙannenmu ne 'yan ND I da za su fita SIWES. Sauran jama'a ma ku biyo ni, domin a ƙarshe maganar za ta iso kan zoɓo.

Abin da oga ya faɗa mini a daren nan, bayan ya gama faɗa, shi ne har yau nake riƙe da shi: "Kai ɗan IT, kada ka ɗauki kofi sai ka ji yadda baƙo zai sha." Hanyoyin kusan uku ne. Ko dai zalla, ko da ƙanƙara, ko a tsawaita shi da soda. Kowace hanya da kofinta, kuma ba ado ba ne, akwai dalili.

Dalilin yana hanci. Ka tuna lokacin da mura ta toshe maka hanci, yadda miyar da ta sha daddawa take zama kamar ruwan zafi a baki. Harshe zaƙi, ɗaci, tsami, gishiri da ɗanɗanon nama kawai yake ganewa, sauran abin da muke kira ɗanɗano hanci ne ke kawo shi. Shi kuwa wiski na Sikotland, doka ta ce sai ya yi aƙalla shekara 3 a gangar itacen da Turawa ke kira oak, kuma ƙarfin barasarsa kada ya gaza kashi 40 cikin 100. A wannan zama ne yake ɗaukar kala da ƙamshi irin na banila daga itacen. Wasu kuma, musamman na tsibirin Islay, suna da ƙaurin hayaƙi, saboda ana busar da sha'irin da hayaƙin wata baƙar ƙasa ta ruɓaɓɓen ciyayi. Na Amurka da ake kira bourbon, dole aƙalla kashi 51 na hatsinsa ya zama masara, a kuma ajiye shi a sabuwar ganga da aka babbake cikinta. Wanda ya biya kuɗi mai yawa, wannan ƙamshin ya saya.

Matsalar ita ce ba ƙamshin kaɗai ke tashi daga kofi ba. Sinadarin barasar, wato itanol, yana tafasa a wajen digiri 78, ƙasa da ruwa, don haka yana saurin bin iska, kuma yana yi wa hanci yaji. Aikin kofi mai kyau shi ne ya tara ƙamshin ya kai hanci ba tare da ya tara yajin fiye da kima ba. In ka riƙe wannan, ba sai ka yi haddar jerin kofuna ba.

To, mai shan zalla kofi mai siffar tulu ake ba shi: ciki mai faɗi, wuya ya tsuke. Faɗin cikin yana ba ruwan fili ya saki ƙamshi, tsukakken wuyan yana tattaro shi. Tsohon misalinsa shi ne kofita, ɗan ƙaramin kofi mai doguwar ƙafa wanda asalinsa na shan giyar sheri ne a kudancin Sifaniya. Masu haɗa wiski a masana'antu shi suke amfani da shi wajen shinshina. Amfanin ƙafar ba ƙarami ba ne. Tana nesanta hannu daga hanci, kada ƙamshin sabulu ko turare ko albasar da ke yatsu ya shiga tsakani, kuma ɗumin tafin hannu ba ya kai wa ga ruwan. Illarsa ita ce saurin karyewa. A mashaya mai cunkoso, kofi mai siririyar ƙafa ba ya tsufa.

Wannan gibin ne kofin Glencairn ya cike. Kamfanin Glencairn Crystal na Sikotland ne ya fitar da shi a 2001, kuma mai kamfanin, Raymond Davidson, shi ya tsara shi bisa siffar kofita. Ya cire doguwar ƙafar, ya sa gajeren gindi mai kauri wanda hannu ke kamawa da kyau. Yana ɗaukar kusan mililita 175 in an cika shi, amma ba a cika shi. Abin da ake zubawa bai wuce mililita 50 ba, wato ya tsaya a wajen da cikin ya fi faɗi. Wannan wurin ne 'yan ajinmu suka fi faɗuwa a furaktikal, domin mu mun saba in ka ba baƙo rabin kofi ka yi rowa. A nan iskar da ke saman ruwan tana cikin abin da aka saya. Da a ce wannan kofi na ɗauko wa dattijon nan, da alawus ɗina ya tsira.

Akwai wani mai kumburarren ciki kamar balan-balan, da gajeriyar ƙafa, wanda ake kira sinifta. Na burandi ne. Wasu otal-otal suna ba da wiski a cikinsa in ba su da Glencairn, amma a ganina zaɓi ne na dole kawai. Cikin ya yi girma, ana tallafe shi da tafin hannu ya yi ɗumi, bakin kuma ya tsuke, sai yajin barasar ya taru ya doke ƙamshin. Oganmu cewa yake in babu kofin tulu, gara ƙaramin kofin farin ruwan inabi a kan sinifta.

Mai son ƙanƙara kuwa, nasa kofin kowa ya san shi, domin sunansa ya daɗe da zama Hausa: tambulan. Gajere ne, mai faɗin baki, mai kaurin gindi, yana ɗaukar tsakanin mililita 180 zuwa 300. A littafi za ka ga an kira shi kofin Old Fashioned, sunan wani haɗi ne da ake yi a cikinsa, inda ake murje sukari a gindin kofin kafin a zuba wiski. Kaurin gindin ke nan ya samo amfani, ba zai fashe wajen murza ba. Faɗin bakin kuma don ƙanƙara ta shiga. Gaskiya ne ƙamshi yana gudu daga buɗaɗɗen baki, amma wanda ya ce a sa masa ƙanƙara ya riga ya zaɓi sanyi, kuma sanyi da kansa yana danne ƙamshi. Babu ribar cusa ƙanƙara ta tsukakken wuyan Glencairn.

Girman ƙanƙarar ma magana ce. Duk wanda ya taɓa sayar da lemo a lokacin azumi ya san bulon ƙanƙara guda yana kai wa yamma, amma in aka daddasa shi kafin la'asar ya zama ruwa. Ƙananan gutsattsari sun fi ba ɗumi wurin taɓawa. Shi ya sa manyan mashayu ke sa dunƙule ɗaya babba, wani lokaci mai siffar ƙwallo, don abin shan ya yi sanyi ba tare da ya tsinke nan take ba. Irin wannan dunƙulen yakan buƙaci babban tambulan, wanda ake kira dabul.

Dogon kofin da ya jawo mini bashi sunansa haibol, kuma shi ma yana da ranarsa. Na wiski da soda ne, ƙanƙara har baki. Tsawonsa da ƙarancin faɗinsa suna rage filin da gas zai tsere, don haka kumfar tana daɗewa. A Japan wannan haɗi ya shahara ƙwarai, har a gwangwani ake sayar da shi. Ana zuba sodar a hankali ta gefen kofi, a juya sau ɗaya, shi ke nan. Ɗan ƙaramin kofin shot kuma na kurɓa ɗaya ne, ba a ba da tsohon wiski a cikinsa.

Kada ka auna da ido. Akwai ma'auni na ƙarfe mai baki biyu, jiga. A Birtaniya awo ɗaya mililita 25 ne ko 35, a Amurka kusan 44 aka saba. Ran da ka fara aiki ka tambayi wanne otal ɗin ke bi, saboda a ƙarshen dare ana lissafin abin da ya rage a kwalba, kuma kun san a kan wa gibin ke faɗawa.

Wani abu da ya ba ni mamaki: bayan an sake kawo wa dattijon wiskinsa a kofin da ya dace, sai ya nemi ruwa a ɗan ƙaramin jug, ya ɗiga kaɗan da kansa. Na ce a raina, to mene ne laifin ƙanƙarata? Sai daga baya na gane bambancin. Ɗigon ruwa mara sanyi yana rage yajin barasa ba tare da ya danne ƙamshi ba. A 2017 wasu masana kimiyya biyu na Jami'ar Linnaeus a Suwidin, Björn Karlsson da Ran Friedman, sun nuna ta hanyar lissafin kwamfuta cewa idan aka sirka wiski, wani sinadari mai ƙaurin hayaƙi da ake kira guayakol yakan fi taruwa a saman ruwan, inda hanci da harshe za su riske shi. Darasin ma'aikaci a nan shi ne ka kawo ruwan daban, kada ka zuba wa baƙo. Shi ya san adadinsa.

Sai abin da aka yi kofin da shi. Gilashin da ake kira kiristal na gargajiya yana da dalma a ciki, aƙalla kashi 24 cikin 100 na sinadarinta bisa ƙa'idar Turai, ita ke ba shi nauyi da ƙyalli da ƙarar nan mai daɗi in an ƙwanƙwasa. Shan minti ashirin a irin wannan kofi ba shi ne abin tsoro ba. Haɗarin yana ga kwalbar ado ta kiristal da ake juye wiski a bar shi watanni, domin dalmar tana tsatsafowa cikin ruwan. Yanzu akwai kiristal marar dalma, in an sa ka sayo kaya shi za ka nema. Ni kuma na fi son kofi mai santsi a kan mai sassaƙa da yawa, saboda baƙo yakan ɗaga shi ga haske ya duba kala.

Kofi mafi tsada in yana warin sabulu ya tashi aiki. A ɗauraye shi sosai, a kara shi a tururin ruwan zafi, a goge da ƙyalle marar gashi, kana riƙe da gindin ta cikin ƙyallen. Kada a kifa shi a kan katako mai ɗanshi, yana ɗaukar warin kabad. Kada ka zuba ƙanƙara a kofin da bai huce daga wanki ba, zai iya tsagewa. Wanda bakinsa ya ɓantare, ko yaya, a fitar da shi. Babban laifi kuma shi ne ɗibar ƙanƙara da kofi. In ya ɓalle a ciki, ba ka iya bambance gilashi da ƙanƙara, dole a zubar da akwatin gaba ɗaya a wanke. Yatsa kuma ba ya kusantar baki, a gindi ake riƙewa, a tire ake kaiwa.

Yawwa, ga maganar zoɓo. Ka samu wanda ya sha citta da kanumfari, wanda bai yi sanyi ba. Ka zuba kaɗan a faffaɗan kofi, ka zuba daidai shi a kofi mai tsukakken baki, ko da ɗan kofin shayin nan ne na gilashi mai ƙugu. Ka rufe duka biyun da faranti na minti biyu, ka buɗe, ka shinshina ɗaya bayan ɗaya. Sannan ka jefa ƙanƙara a ɗaya ka sake shinshinawa bayan minti biyar, ka ji inda kanumfarin ya tafi. Mun gwada a ɗakinmu da 'yan injiniya biyu da ke yi mana dariya cewa kwas ɗinmu wanke-wanke ne. Ɗayansu sai da ya sake gwadawa sau uku, sannan ya shanye mana zoɓon.