Darasi Na Tara: Shirya Ziyarar Yini Guda Zuwa Matsirgar Ruwa ta Sipi

Ziyarar ilimi na daga cikin hanyoyin koyarwa da malami ke amfani da su domin ɗalibai su ga abin da suka karanta da idanunsu. Sai dai kuma ita ce hanyar da ta fi ɗora masa nauyi, domin rayukan 'ya'yan mutane ne a hannunsa. Za a ɗauki Sipi a matsayin misali.

Sipi tana gabashin ƙasar Yuganda, a gundumar Kapchorwa, a jikin dutsen Elgon wanda ƙololuwarsa ta kai mita 4,321. A nan kogin Sipi yake faɗowa daga saman duwatsu a wurare uku, mafi tsawo daga ciki ya kai kimanin mita 100. Irin wannan wuri shi ake kira matsirga. Sanyin yankin da ƙasarsa mai albarka su suka sa gahawa nau'in arabika ke yi sosai a can.

Abu na farko da ya kamata malami ya tsayar shi ne lokaci. Daga watan Maris zuwa Mayu ruwan sama yakan yi yawa. Matsirgar takan cika ta yi kyan gani, amma hanyar sauka zuwa gindinta takan zama taɓo mai santsi. Ga ayarin ɗalibai, watannin Disamba zuwa Fabrairu sun fi dacewa. Ko a lokacin ma, sammako ya zama dole, saboda hadari yakan taso da yamma a kan tsaunuka. Zagaya wuraren uku a ƙafa yakan ci awa uku zuwa huɗu, amma wannan lissafin masu ƙarfin ƙafa ne. Malami zai auna tafiyar da takun wanda ya fi kowa rauni a ajinsa, sannan ya ƙara lokacin hutu, cin abinci da salla.

Batun ɗan jagora ba na yin rowa ba ne. Hanyoyin suna ratsawa ta gonakin gahawa da ayaba na mutanen gari, kuma suna da rassa da yawa. Ɗan jagora ɗan ƙasa shi ya san inda aka yarda a bi, da dutsen da bai kamata a taka ba. Ya kyautu a daidaita da shi tun kafin ranar: kuɗinsa nawa, matsirga nawa za a kai, kuma ko akwai tsayawa a gona domin a ga yadda ake ɓare gahawa, a shanya, a soya, a daka a turmi.

Kowane ɗalibi zai zo da takalmi mai riƙe ƙasa, rigar ruwa da gorar ruwan sha. Silifa ba ta hawa dutse. Malami ɗaya zai kasance a gaba tare da ɗan jagora, ɗaya a baya riƙe da akwatin taimakon gaggawa, kuma a ƙirga ɗalibai duk inda aka tsaya kafin a sake tashi.