Ƙuduji da Baƙin Ƙudan Juji

Zuwa ga dagatai da masu unguwa da manoman ƙasar Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa. A karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba.

Kun san ƙuduji, watau wuta-wuta, mai fure ja kamar garura, wanda ya kan ƙawata gonar dawa da kaka. Ku sani ɓarawo ne. Ƙwayar irinsa ƙanana ce kamar ƙura, tana kwance cikin ƙasa har saiwar dawa ko gero ko masara ta zo kusa. Sa'an nan ta tsiro ta kama saiwar, tana shan ruwa da abincin shuka tun ba a ga komai a sarari ba. Kafin fure ya fito, an riga an yi yawancin ɓarna. Gindi ɗaya ya kan zuba iri dubbai, irin kuwa ya kan fi shekara 10 a ƙasa bai mutu ba.

Ga kuma wani baƙin ƙuda da kan yi ƙwai a juji, Turawa suna ce masa ƙudan soja. Asalinsa daga Amurka ne. Tsawonsa bai kai inci 1 ba, kamarsa kamar zanzaro, shi ya sa yara su kan gudu, amma ba ya harbi, ba ya cizo. Macen ta kan saka ƙwai wajen 500, su ƙyanƙyashe cikin kwana 4. Tsutsarsa tana cin kashin dabbobi da ruɓaɓɓen abinci, abin da ta bari kuwa taki ne mai laushi. In ta ƙosa sai ta fita neman wuri busasshe, kaji su tsince ta su yi ƙiba. Kada ku zuba mata magani.

To, ƙuduji ya fi ƙarfi a gonar da ta gaji, wadda ake nanata mata dawa kowace damina ba taki. Saboda haka ku kwashi takin juji ku kai gona kafin shuka. Ku tuge ƙuduji tun bai yi iri ba, ku tara ku ƙone, gama in kun yar da shi a kunya da furensa, irin ya kan nuna ya zube. Inda ya yi yawa, ku sa gyaɗa ko auduga ko waken soya a maimakon dawa, domin saiwarsu ta kan sa ƙwayar ta tsiro, ta rasa abin kamawa ta mutu.

Dagaci ya sa maƙwabta su tuge nasu tare, gama iska da ruwa da ƙafar shanu suna kai iri daga gona zuwa gona.