Dafa Jatan Lande A Gida: Tafasa Kaɗai Ba Ta Isa Ba

Jatan lande wata 'yar halitta ce ta ruwa, dangin ƙaguwa, mai ɓawo da dogayen gashin baki. Ba abincin gargajiya ba ne a ƙasar Kano. Busasshensa dai, wanda 'yan kasuwa ke kira kirefish, ya daɗe a Sabon Gari da 'Yankura, mata suna daka shi su zuba a miya. Amma yanzu ɗanyensa ma yana zuwa cikin ƙanƙara, har mai gida a Gyadi-Gyadi ko Tarauni ya kan sayo shi a shagon masu kifin firji ya kai gida, uwargida ta tsaya tana kallonsa ba ta san ta inda za ta kama ba.

Abinci ne mai gina jiki ƙwarai, gama wajen kashi 20 cikin 100 na namansa furotin ne, kuma kitsensa kaɗan ne. Malaman Malikiyya kuwa sun halatta cin abin da ke zaune cikin ruwa. Dafa shi ba wuya, minti biyar ya isa. Amma fa yana da tsada, yana da saurin lalacewa, in an yi masa sakaci kuma ya kan kwantar da gida guda. Abin da a ke so mai karatu ya riƙe shi ne, tafasar ita ce ƙaramin aiki. Babban aikin yana ga abin da aka yi kafin a ɗora tukunya, da abin da aka yi bayan an sauke.

Inda Ya Ke Fitowa

Manyan jatan lande na teku ne. Jiragen kamun kifi ke jawo su da taru a gaɓar Legas da bakin Kogin Kwara, inda ya shiga teku. Ƙananan da a ke busarwa kuwa yawancinsu daga wajen Oron su ke, a Jihar Akwa Ibom. Akwai kuma na kogi mai dogayen hannuwa, wanda a ke samu a kogunan kudu.

To, daga Legas zuwa Kano tafiyar kilomita wajen 1,000 ce. Watau duk ɗanyen jatan landen da ya iso Tarauni ya yi kwanaki da mutuwa, ba abin da ya tsare shi daga ruɓa sai sanyi. In motar ta lalace a hanya, ko an ɗauke wuta a shago ƙanƙarar ta narke, sa'an nan ta sake daskarewa, kayan sun taɓu ke nan, ko da ido bai nuna ba.

Abokin Gaban Da Ba A Gani

Cikin ruwan teku mai ɗumi akwai wata ƙwayar cuta da likitoci ke kira Bibriyo, 'yar'uwar wadda ke kawo kwalara. Tana manne wa jikin jatan lande da ƙaguwa da kifi. An fara gano ta a birnin Osaka na ƙasar Japan a 1950, sa'ad da mutum 272 suka kwanta bayan sun ci wasu ƙananan kifaye, 20 daga cikinsu suka rasu. Wanda ta kama ya kan yi gudawa da murɗar ciki da amai, yawanci kafin kwana guda ya cika.

Halinta biyu ne ya kamata a sani. Na fari, ba ta jure wuta, tafasa tana kashe ta. Na biyu, in ta sami ɗumi irin na jikin mutum tana hayayyafa da sauri ƙwarai, guda ta zama biyu cikin abin da bai kai minti 15 ba. A yi lissafi a gani. In ƙwaya ɗaya tana ninkawa ko wane minti 15, cikin awa ɗaya ta zama 16, cikin awa uku ta wuce 4,000, cikin awa biyar kuwa ta haura miliyan. Zafin bazara a Kano, watan Afrilu da Mayu, daidai ya ke da abin da ta ke so.

Wajen Saye

Mai saye ya lura da abu huɗu.

1. Ya ɗaga ledar ya girgiza. In ko wane jatan lande yana motsi shi kaɗai, to da kyau. In sun dunƙule sun zama curi guda, ga ƙanƙara ta taru a gindin leda, alama ce sun taɓa narkewa.

2. Ya sansana. Mai kyau ƙamshin ruwan gishiri ya ke yi kaɗan. Wanda ke warin fitsari ya ruɓe, a bar shi ko kyauta ne.

3. Ya duba kai da ƙafafu. In sun yi baƙi-baƙi, ba guba ba ce, amma ya nuna kayan sun kwana biyu. In kan yana ɓallewa da kansa, ko jikin yana yauƙi, ya wuce ci.

4. Ya sa shi ya zama ƙarshen cefane, daga shago sai gida. Kada a rataye shi a babur a tsaya hira a bakin titin Zariya. Araha ba ta ado: wanda aka karya wa kuɗi da yawa, a tambayi dalili.

Narkarwa Da Gyara

Kada a shanya shi a rana, kada a zuba masa ruwan zafi, kada kuma a bar shi a kwano tun safe wai ya narke da kansa. Mai firji mai wuta ya sa shi a ƙasan firjin ya kwana. Wanda ba shi da tabbacin wuta ya bar shi cikin ledarsa a ɗaure, ya tsoma cikin ruwan randa mai sanyi, cikin rabin awa ya saki. Da ya saki sai tukunya. Abin da ya narke ba a mayar da shi firji ɗanye.

A wanke shi da ruwa mai tsabta. A bayansa akwai wani baƙin zare, hanjinsa ke nan, ya kan ƙunshi yashi. A tsaga bayan kaɗan da bakin wuƙa a zare shi da tsinke. An fi so a dafa shi da ɓawonsa, don ɓawon yana tsare zaƙin naman. Sa'an nan a wanke wuƙa da katako da hannu da sabulu tun ba a taɓa latas ko tumatir ba.

Tafasa

Ga kilo ɗaya, a ɗora ruwa lita uku cikin babbar tukunya, a zuba gishiri babban cokali uku. A yanka albasa ɗaya, a daddaka citta da tafarnuwa da attaruhu da ɗan masoro a zuba. A bar ruwan ya yi minti goma yana tafasa, don kayan ƙamshin su saki ƙarfinsu, gama shi jatan landen ba zai daɗe a ciki ba balle ya jira su.

A gyara wuta ta yi ƙarfi, sa'an nan a zuba. Ruwan zai kwanta sabo da sanyin naman. Ba a fara ƙirga lokaci sai ya sake tafasowa. Daga nan matsakaita minti biyu zuwa uku, manya minti huɗu zuwa biyar. Dalilin yawan ruwa ke nan, don ya yi saurin komowa tafasa. In kayan suna da yawa a raba su kashi biyu.

Jan da ɓawon ke yi ba shaida ba ce, domin launin nan yana fitowa da zarar zafi ya taɓa ɓawo, ciki kuwa da saura. A tsamo mafi girma a yanka shi biyu. In naman ya yi fari fat har tsakiya, ba wurin da ke sheƙi kamar gilashi, ya dahu. Masu ma'aunin zafi suna neman digiri 63 a tsakiyar nama. Siffarsa ma tana faɗa: in ya lanƙwashe kamar jinjirin wata, daidai ke nan. In ya naɗe kamar zobe, ya zarce, zai yi tauri kamar roba, an yi asarar kuɗi da itace.

Na kogi da ƙaguwar rafi kuwa a ƙara musu lokaci, kada a yi musu rowar wuta. Bayan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 likitoci a Gabas sun ga mutane da yawa suna tarin jini kamar masu tarin fuka, ashe tsutsar huhu ce suka samu daga ƙaguwar da suka ci ba ta dahu ba lokacin yunwa.

Bayan An Sauke

Nan ne yawancin mutane ke faɗuwa. A watan Agusta na 1972 an yi wani taron cin jatan lande a garin Covington, cikin Jihar Luwiziyana ta Amurka. Mutum wajen 1,200 suka hallara, wajen rabinsu suka kwanta da gudawa. Da aka bincika sai aka tarar an dafa shi, amma aka bar shi sa'o'i ba sanyi kafin a ci. Zafin rana ya yi renon cutar.

Abin da ya faru a can yana iya faruwa a ko wane tsakar gida. Sabo da haka:

A tsame da matsami a baza a kan busasshen faranti wanda ɗanyen bai taɓa ba. Robar da aka wanke ɗanyen a ciki ba ta karɓar dafaffe sai an wanke ta da sabulu.

Kada a sanyaya shi da ƙanƙarar da ya zo da ita, ko ƙanƙarar talla wadda ba a san ruwanta ba. Iska ta isa, a rufe da kwando sabo da ƙuda.

A ci shi da ɗuminsa. Kada ya wuce awa biyu a waje, in bazara ce awa ɗaya. Wadda za ta kai wa maƙwabta ko gidan suna ta aika nan da nan, kada ta rufe shi a kula tun hantsi a buɗe da magariba.

Abin da ya rage a sa a firji. In ba wuta, a raba wa yara da maƙwabta a cinye, ya fi a kwana da shi.

Wanda Ya Kamata Ya Yi Hattara

Akwai mutanen da jininsu bai karɓi jatan lande ba, ko busasshe ne. Su kan yi ƙaiƙayi da borin jini, leɓe ya kumbura. Tafasa ba ta maganin wannan. Wanda bai taɓa ci ba ya ɗanɗana kaɗan tukuna. In aka ga numfashin mutum yana sarƙewa, ba a jira, sai asibiti. Mutanen Gyadi-Gyadi da Tarauni sun yi sa'a, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana kusa da su a titin Zariya. In kuwa gudawa ce, a fara ba da ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, sukari ƙaramin cokali shida a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Yaro da tsoho da mai ciki a kai su ga likita da wuri.

Busasshe

Shi ma yana da nasa sharaɗi. A zaɓi mai ƙamshi, wanda ya bushe ƙayau, ba fumfuna. A guji mai warin maganin ƙwari, gama waɗansu masu ajiya suna fesa wa kayan busasshe magani don gudun ƙwari, tafasa kuwa ba ta wanke wannan. A bushe ƙasa da tsakuwa, a ɗauraye, a sa shi a miya tun tana kan wuta.

Rabon Kaji Da Gona

Kai da ɓawo sun kai sulusin abin da aka saya ko fiye, bai kamata su tafi bola ba. Mai kiwon kaji ya ɗauraye dafaffen ɓawon ya rage gishiri, ya shanya shi ya bushe sarai, ya daka, ya gauraya da dusa. Yana da furotin, yana kuma da sinadarin da ke ƙarfafa ɓawon ƙwai. Amma kada ya wuce gwangwani ɗaya cikin gwangwani goma na abincinsu, don kaji ba su narkar da ɓawo da yawa. Wanda ba shi da kaji ya binne shi cikin ramin taki ya rufe da ƙasa, kada kyanwa da ɓera su tone.

Ruwan dahuwar kuwa a tace a dafa shinkafa da shi a ranar. Kada a zuba shi a gindin zogale ko gwanda, gishiri yana ƙone shuka, yana kuma ɓata ƙasa.

A taƙaice ke nan: a saya da sanyi, a narkar da sanyi, a dafa da wuta mai ƙarfi, a zuba a kwano mai tsabta, a ci da wuri. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba da lafiya da wadata, amin.