TAKI DAGA ISKA: DARASI A KAN AIKIN LANTARKI DA LITIYAM

1. Abin da gona take bukata

Kowane manomi ya san alamar gonar da ta gaji. Ganyen masara ko na dawa yakan yi rawaya tun daga gindi, kara ya sirance, amfani ya fito kaɗan. Galibi abin da ya ƙare a irin wannan ƙasa shi ne wani sinadari da ake kira naitirojin. Shi manomi yake biya wa kuɗi in ya sayi buhun yuriya, gama a kowane kilo 100 na yuriya akwai kilo 46 na naitirojin.

Abin mamaki kuwa shi ne, wannan sinadari ba shi da wuyar samu. Kashi 78 cikin 100 na iskar da ake shaƙa naitirojin ne. Yana bisa kowace gona dare da rana, amma shuka ba ta iya cinsa haka nan. Dalili shi ne, a cikin iska ƙwayoyinsa biyu biyu suke tafiya, an ɗaure su da ɗauri uku mai ƙarfin gaske. Sai an tsinke wannan ɗauri, an haɗa kowace ƙwaya da wani sinadari kamar haidirojin, kafin ta zama abincin shuka. Ƙwaya 1 ta naitirojin da ƙwaya 3 na haidirojin su ne amoniya, daga amoniya kuwa ake yin yuriya da sauran takin naitirojin.

Allah ya hore wa waɗansu ƙananan halittu wannan aiki. Su ne ƙwayoyin da ke zaune cikin 'yan ƙulle-ƙullen da ake gani a saiwar gyaɗa da wake. Saboda haka ne gonar da aka noma gyaɗa bara takan yi wa hatsi kyau bana.

2. Hanyar Haber da Bosch

A shekarar 1909 wani masani Bajamushe, Fritz Haber, ya nuna ana iya yin amoniya daga naitirojin da haidirojin a cikin na'ura. Carl Bosch na kamfanin BASF ya mai da wannan gwaji babbar sana'a, aka buɗe ma'aikata ta farko a Oppau, ƙasar Jamus, a 1913.

Aikin ba ya yiwuwa sai da wani abu da masana ke kira katalis. Misalinsa kamar dillali ne a kasuwa: ba shi ne mai saye ba, ba shi ne mai sayarwa ba, amma shi ke haɗa su har ciniki ya faɗa, sa'an nan ya juya ga na gaba. Alwin Mittasch, abokin aikin Bosch, ya yi dubban gwaje-gwaje kafin ya tabbatar baƙin ƙarfe da aka gauraya da waɗansu 'yan sinadarai shi ya fi dacewa da wannan dillanci. Har yau shi aka fi aiki da shi.

Amma ko da katalis, tilas a zafafa iskar zuwa digiri 400 ko 500 na ma'aunin Salshiyas, a kuma matse ta fiye da matsin iska na kullum sau 150 zuwa 300. Haidirojin ɗin kuma yawanci daga iskar gas ko kwal ake fitar da shi. Saboda haka wannan sana'a kaɗai tana cin kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na makamashin da duniya ke ƙonawa, tana kuma sakin hayaƙin da ke ɗumama duniya. Duk da haka amfaninta ba ya misaltuwa, gama masana sun ƙiyasta kusan rabin mutanen duniya da takinta ake noma abincinsu.

Wahala ta biyu ita ce girma. Irin wannan ma'aikata ba ta biyan kuɗinta sai ta zama ƙatuwa, a kusa da gas. Ma'aikatun yuriya na Nijeriya suna kudu, kamar ta Indorama a Eleme da ta Dangote a Lekki wadda aka buɗe a 2022. Kafin buhu ya iso hannun manomin Kano daga Legas ya yi tafiyar kimanin kilomita 1,000, kuɗin mota kuwa a kan manomi yake ƙarewa.

3. Neman hanyar lantarki

Wannan ya sa masana suke neman wata hanya, watau a tsinke ɗaurin naitirojin da ƙarfin lantarki, ba da zafi da matsi mai tsanani ba. Ana tsoma sanduna biyu na ƙarfe cikin ruwan sinadari, a busa naitirojin ciki, a saki wuta. A jikin sanda ɗaya, inda katalis yake, ana so naitirojin ya karɓi lantarki da haidirojin ya zama amoniya. In abin ya yiwu, sai a yi ƙaramar na'ura mai aiki da hasken rana a kusa da gonaki.

Abu biyu suka tare hanya. Na ɗaya, naitirojin ba ya narkewa cikin ruwa sai ɗan kaɗan. Na biyu, lantarki yakan bi hanya mafi sauƙi. Fitar da iskar haidirojin daga ruwa ya fi tsinke naitirojin sauƙi nesa ba kusa ba, don haka kusan dukan wutar can take tafiya.

4. Gwajin da ya tace gaskiya

Shekaru da dama ana ta ba da rahoton sababbin katalis da aka ce suna yin amoniya cikin ruwa. Amma abin da ake samu ɗan mitsitsi ne, alhali akwai amoniya a numfashin mutum, da iskar ɗaki, da safar hannu ta roba. Har tukunyar naitirojin kanta takan zo da ƙazantar da ke rikiɗa ta zama amoniya cikin sauƙi.

A 2019 masana na Jami'ar Fasaha ta Danmak, da abokan aikinsu na Jami'ar Stanford a Amurka da Kwalejin Imperial ta Landan, suka fito da ƙa'idar gwaji. Akwai wani irin naitirojin mai ɗan nauyi, mai lamba 15, wanda bai kai kashi 1 cikin 100 na naitirojin ɗin iska ba. In aka tsarkake shi aka ba na'ura, lalle ne a same shi cikin amoniyar da ta fito. In ba a same shi ba, to, amoniyar daga wani wuri ta shigo. Da suka sake gwada katalis masu aiki cikin ruwa ta wannan hanya, ba su sami amoniya ba. Hanya ɗaya ce ta tsira, ita ce ta litiyam, wadda Tsuneto da abokansa suka yi aiki a kanta a Japan a 1993 da 1994.

5. Yadda litiyam yake aiki

Litiyam shi ne ƙarfen da ke cikin batirin wayar hannu. Yana da wani hali da ba kowane ƙarfe ke da shi ba: yana tsinke ɗaurin naitirojin ba tare da an zafafa shi ba. Amma ba ya shiri da ruwa, don haka ana narkar da gishirinsa cikin wani sinadari dabam, a ɗiga itanol kaɗan don ya ba da haidirojin.

Aikin mataki uku ne. Lantarki ya sa litiyam ya kwanta a jikin sanda. Litiyam ya kama naitirojin ya tsinke shi. Haidirojin ya zo ya haɗu da naitirojin ɗin, amoniya ta fita, litiyam ya koma cikin ruwan sinadari don a sake kwantar da shi. Watau a nan dillalin ba a ajiye yake ba, lantarki ne ke ƙera shi sabo a kowane zagaye.

A bisa litiyam ɗin kuma wani siririn ɓawo yakan taru. Shi ne kamar rariya, shi ke ƙayyade yawan naitirojin da haidirojin da za su kai ga ƙarfen. In ɓawon ya yi daidai aiki ya tafi, in ya yi kauri hanya ta toshe.

6. Ba da wuta da hutu

A nan ne aka gane cewa yadda ake ba da wutar shi kansa yana gyara katalis ko ya ɓata shi. In aka saki wuta ba tsayawa, litiyam yana kwantawa da sauri fiye da yadda naitirojin ke iso shi. Sai ya taru a banza, ɓawo ya yi kauri, na'ura ta riƙa neman ƙarin ƙarfin wuta, ruwan sinadarin ya lalace. Mai tuƙa tuwo ta san wannan: in ta zuba gari gaba ɗaya sai gudaji, amma in ta barbaɗa kaɗan ta tuƙa, ta sake barbaɗawa, tuwo ya yi laushi.

A 2020 masanan Danmak suka bi wannan dabara. Suka riƙa ba da wuta na ɗan lokaci, kamar minti 1, sa'an nan su dakata 'yan mintoci don litiyam ɗin da ya kwanta ya gama aikinsa, su sake kunnawa. Na'urar da a da take toshewa da wuri ta yi aiki kimanin kwana 5, rabon wutar da ya tafi ga yin amoniya kuma ya kai kashi 37 cikin 100 a gwajin da ya fi kyau.

Daga nan aka ci gaba da gyaran ɓawon ta waɗansu hanyoyi. A 2021 aka nuna cewa ɗan iskar oksijin yana ɗaga rabon zuwa kashi 78. A 2022 masana na Jami'ar Monash a Ostareliya suka sake irin gishirin litiyam, suka ƙara yawansa, suka kai kusan kashi 100, da matsi sau 15 na iskar kullum. A 2023 masanan Danmak suka haɗa na'ura mai aiki ba da ƙarin matsi ba, ta ba da kashi 61. A 2024 suka sa irinta ta yi awa 300 tana aiki.

7. Abin da ya saura

Kada mai karatu ya ruɗe da waɗannan alƙaluma. Suna nuna inda wutar ta tafi ne, ba su nuna arhar aikin ba. Kwantar da litiyam yana bukatar ƙarfin wuta mai yawa, kimanin bolt 3, yawancinsa kuwa zafi yake zama. A na'urar 2023, kashi 13 kaɗai cikin 100 na makamashin da aka zuba ya zauna cikin amoniyar, faɗin sandarta kuma bai wuce tafin hannu ba. Ma'aikatar Haber da Bosch ta fi ta tattalin makamashi ƙwarai, tana kuma yin shekaru tana aiki. Saboda haka ake gwada waɗansu ƙarafa, kamar kalsiyam, wanda aka nuna a 2024 shi ma yana iya wannan aiki.

Bukata dai tana nan. A taron Abuja na 2006 shugabannin Afirka suka ƙudura ɗaga takin da ake zubawa a kowace hekta daga kilo 8 zuwa kilo 50. Kafin na'urar lantarki ta fito daga ɗakin gwaji, abin da ke hannun manomi shi ne ya riƙa juya hatsi da gyaɗa ko wake, ya kai takin gida gona, ya binne yuriya a ƙasa mai laima kusa da shuka maimakon watsa ta a sarari, inda amoniyarta ke bin iska. In kuwa wani ya zo da na'urar da ya ce tana yin taki daga iska, tambayar da ta dace ita ce: da wane gwaji aka tabbatar, wuta nawa kuma take ci?

TAMBAYOYI

1. Don me shuka ba ta iya cin naitirojin ɗin da ke cikin iska?
2. Mene ne katalis, wanne kuma ake aiki da shi a hanyar Haber da Bosch?
3. Yaya naitirojin mai lamba 15 yake tona amoniyar da ta shigo daga waje?
4. Me ke faruwa ga litiyam in aka saki wuta ba hutu?
5. Mene ne bambanci tsakanin rabon wutar da ya tafi ga amoniya da tattalin makamashi?